Ƙofar Gilashi Mai Zamiya: Abin da ke Sa Ta Cije da Yadda Ake Sauya Mata Taya

Gabatarwa

Wanda duk ya zaga sababbin unguwannin da ke bayan ganuwar Kano, ko na Kaduna da Zariya da Sakkwato, ba zai rasa cin karo da wata irin ƙofa mai faɗi ba, wadda kusan dukkanta gilashi ce, aka yi mata kewaye da alminiyam. Ba a buɗe ta ciki ko waje kamar ƙyaure. Tura ta ake yi gefe guda ta zame a kan layi, shi ya sa ake ce mata ƙofa mai zamiya. An fi sa ta a falo, ko tsakanin ɗaki da baranda, ko a kantuna da ofisoshi. Ranar da aka kafa ta, yaro ɗan shekara biyar ma yakan buɗe ta da yatsa ɗaya. Amma kafin a je ko'ina sai a ga maigida ya kama ta da hannu biyu, ya tokare bango da ƙafa, yana ja tana kuka, mutanen gida kuwa sun haƙura sun koma bi ta ƙofar baya.

Idan abin ya kai haka, akasarin mutane sukan ɗora laifin a kan ƙofar ɗungurungum, su ce ai dama kayan zamani ba su da ƙarko. Alhali kuwa a mafi yawan lokuta gilashin lafiyarsa lau, firam ɗin ma haka. Abin da ya gaji wasu 'yan tayoyi ne guda biyu da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙofar, waɗanda wataƙila mai gidan bai taɓa sa su a ido ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana aikin waɗannan tayoyi, da abin da ke cinye su a ƙasa mai ƙura irin ƙasar Hausa, da kuma yadda ake sauya su. Za a kuma taɓo kalmomin da masu sana'ar suke amfani da su, domin bai kamata ɗalibin Hausa ya wuce su ba tare da ya tsaya ya saurara ba.

Daga Tufaniya zuwa Gilashi

Bahaushe ya daɗe da sanin hanyoyin rufe ƙofa. Akwai asabari da ake ratayawa a bakin ɗaki, a naɗe shi sama idan ana son iska. Akwai tufaniya da ake saƙawa da ciyawa ko kara, a jingina ta a ƙofa, a ja ta gefe in za a shiga. Sa'an nan akwai ƙyaure, wanda ake kira gambu a wasu sassan yammacin ƙasar Hausa. Tsohon ƙyaure ba shi da hinji irin na yau. Wani ɗan tsini ake bar masa sama da ƙasa, na ƙasa ya zauna cikin ramin dutse ko na itace, na sama ya shige cikin azara, ƙyauren ya riƙa juyawa a kansu. Wanda ya ziyarci Gidan Makama a Kano zai ga irin manyan ƙyamaren da aka tsare ƙofofin ganuwa da su a zamanin da.

Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ƙura ta dama. Idan ƙyaure ya fara kuka, sai a ɗiga masa ɗan mai ko a shafa masa kitse, ya yi shiru. Da hinji ya zo, shi ma maganinsa ke nan, haka keken ɗinki da sarƙar keken hawa. Daga nan ne mutane suka saba da cewa abin da duk ya yi ƙara mai yake so. Wannan sabo ne, kamar yadda za a gani nan gaba, yake ƙarasa kashe ƙofa mai zamiya.

Ita dabarar tura ƙofa gefe tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna raba ɗakunansu da ƙofofin katako da takarda masu zamewa cikin kwarmin itace, ba tare da taya ba, saboda ba su da nauyi. Abubuwa biyu suka sa aka iya yin irinta da gilashi a farashin da mai matsakaicin hali zai iya saye. Na farko, a 1886 wani Ba'amurke, Charles Martin Hall, da wani Bafaranshe, Paul Héroult, kowa a ƙasarsa, suka gano hanyar tace alminiyam da wutar lantarki, ƙarfen da a da yake da tsada ƙwarai ya zama na kowa. Na biyu, a 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana hanyarsa ta zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza, inda gilashin yake shimfiɗuwa sumul, a sami manyan faifai ba tare da an sha wahalar goge su ba. Ƙofar ta yaɗu a gidajen Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Nijeriya kuwa, da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970 aka duƙufa ginin siminti, sannu a hankali tagogi da ƙofofin alminiyam suka riƙa maye gurbin na katako da na baƙin ƙarfe.

Inda Nauyin Yake

Ƙofa mai zamiya ta gida takan zo da murfi biyu, ɗaya a kafe, ɗaya mai tafiya, ko kuma duka biyun su zama masu tafiya. A dokin ƙofa akwai layi na alminiyam mai ɗan doro a tsakiya, kamar layin dogo a ƙanƙance. A sama akwai kwari wanda kan murfin ke shiga. Mutane da yawa suna tsammani a sama ƙofar take rataye. Akwai masu irin wannan gini, amma a yawancin na gida kwarin sama ba ya ɗaukar komai, aikinsa kawai ya hana murfin faɗowa. Nauyin gaba ɗaya yana kan tayoyi biyu, ɗaya a kowace kusurwar ƙasa.

Yana da kyau a san yawan wannan nauyi. Gilashi mai faɗin murabba'in mita ɗaya yakan yi kilo biyu da rabi a kan kowace milimita ta kaurinsa. Ke nan murfi mai tsawon mita 2.1 da faɗin santimita 90, idan gilashinsa mai kaurin milimita 6 ne, zai yi kilo 28 da 'yan kai, ban da firam. Idan kaurin ya kai milimita 10, nauyin ya kai kilo 47, watau ya kusa buhun siminti guda. To, duk wannan yana zaune ne a kan tayoyin da faɗin kowacce bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, da kaɗan ta ɗara murfin kwalbar lemo.

Kowace taya tana cikin wani ɗan gida na ƙarfe. Bakinta yana da kwarmi wanda ya dace da doron layi, don kada ta goce. A cikinta akwai boris, watau 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke kewaye da sandar tsakiya, an cika tsakaninsu da giris tun daga masana'anta. Sa'an nan akwai sukuru guda wanda idan an juya shi yake turo tayar ƙasa ko ya janye ta sama cikin firam. Amfanin taya kowa ya san shi: mai ga-ruwa yakan tura jarka goma a kura shi kaɗai, amma da za a cire wa kurar tayoyi a ce ya ja ta a ƙasa, ko taku biyar ba zai yi ba. Bambancin da ke tsakanin sabuwar ƙofa da wadda ta cije ke nan. Ɗaya gungurawa take yi, ɗayar kuwa jan ciki.

Ɗan Hakin da Aka Raina

Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura. Babban tushen wannan ƙura shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne, ya ƙafe ya bar gari mai laushi. A kan wannan sai a ƙara yashin tsakar gida da na titi da ake shigowa da shi a tafin ƙafa da takalmi. Layin ƙofa kuwa rami ne a daidai inda kowa yake tsallakawa, kuma mai shara, ko daga ciki ta faro ko daga waje, a nan tsintsiyarta take zubar da abin da ta kwaso.

Ƙurar da ake gani laushi gare ta a hannu, amma a cikinta akwai ɓarɓashin ƙanƙarar dutse, wadda ita ce asalin yashi. A 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, inda mai lamba babba yake karce mai lamba ƙarama. A wannan ma'auni ƙanƙarar dutse tana da 7, gilashin taga yana wajen 5 da rabi, alminiyam kuwa bai kai 3 ba. Ma'ana, duk ƙwayar yashin da taya ta taka a kan layi, yashin ne zai ci layin, ba layin zai ci yashin ba.

Ɓarnar takan bi mataki-mataki. Da farko ƙura ta sami hanyar shiga cikin boris ta gauraya da giris, ya zama wani baƙin kwaɓi mai gurza, kamar garin da ake wasa wuƙa da shi. Ƙwallayen su fara zaizayewa, tayar ta riƙa rawa a kan sandarta. Da damina ta zo, ruwa ya kwanta a layin, musamman idan laka ta toshe 'yan hudojin da aka yi domin ya tsiyaye waje, sai tsatsa ta kama abin da ya saura. Ruwan sabulun da ake goge daɓe da shi ma yana taimakawa, don yana wanke giris. Wata rana sai tayar ta ƙi juyawa sam. Mutanen gida ba su sani ba, suka ci gaba da tura ƙofar da ƙarfi, tayar tana gurzar layi da gefe ɗaya har gefen ya sule ya baje. Da zarar ta baje, murfin ya sauka ƙasa, sai firam ɗin kansa ya fara gogar doron layi. A wannan mataki ne ake ganin wani baƙi-baƙin gari mai ƙyalli a layin, wanda ba komai ba ne illa alminiyam ɗin da ake niƙawa kullum safe da yamma.

A nan ne sabon nan na ba da mai yake shigowa. Sai a ɗauko baƙin mai, ko man gyaɗa, wani har manja, a tsiyaya a layi. Kwana biyu ƙofar ta yi daɗin turawa, a ce an yi gyara. Amma mai danƙo gare shi, duk ƙurar da da iska za ta iya hure ta yanzu ta sami wurin maƙalewa, taya kuma ta riƙa kwasarta tana kai wa boris. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Wani zai ce ai wahalar turawa ce kawai, ana iya haƙuri da ita. Abin ya wuce nan. Murfin da ya sauka ya bar sarari a sama, don haka kansa bai shiga kwarin sama sosai ba. Mai jan sa da ƙarfi yana iya tsinkar da shi daga layi ya faɗo a kan wanda ke kusa, kuma yara ne suka fi zama a bakin ƙofa. Ɓarawo ma da ya san kan abin yana iya ɗaga shi daga waje ya ajiye gefe ba tare da ya fasa komai ba. Bugu da ƙari, ƙugiyar makulli ba ta ƙara haɗuwa da raminta, sai a riƙa kwana da ƙofa a saye ana zaton a kulle take.

Gane Ciwo da Kunne

Ƙwararren mai aikin alminiyam, kafin ya kwance ko sukuru ɗaya, yakan tura ƙofar sau biyu ko uku yana saurare. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne, da amsa-kama yake bayyana abin da ya ji, kuma kowace tana nuni ga wani ciwo dabam. Ƙofa mai lafiya sulululu take tafiya, ta rufe ruf. Idan ana jin ƙuras-ƙuras, yashi ne a layi, shara kawai take so. Idan tana tafiya tana ƙwas, ƙwas, a kai a kai bisa tazara ɗaya, tayar ta sule a gefe guda ko ta tsage, duk zagaye ɗaya sai wurin ya bugi layi. Idan kuwa ƙiii take yi tun daga farko har ƙarshe, taya ta daina aiki, ƙarfe ne yake kan ƙarfe. Wadda take tafiya lafiya sai ta zo wani wuri ta tsaya cak, a duba layin a daidai wurin, galibi ya lotsa ne, wataƙila an jawo firji ko buhun hatsi an bi ta kansa.

Saboda haka ba a fara sayen taya sai an share layin tas da busasshen buroshi, an goge shi da tsumma mai ɗan danshi, an buɗe hudojin ruwa da tsinke. Sa'an nan a gwada juya sukurun daidaitawa a ga ko murfin zai ɗagu. Ƙofofi da yawa a nan ciwonsu yake ƙarewa. Wadda aka juya mata sukuru ba ta motsa ba, ko ta ɗagu amma ƙarar tana nan, ita ce ta kai ga sauyi.

Sauke Murfi da Cire Taya

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da filaya, da ɗan guntun katako, da guduma ƙarama, da safar hannu mai kauri, da tsohon bargo ko tabarma. Amma abu mafi muhimmanci shi ne mutum na biyu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sa takalmi rufaffe, a kuma kawar da yara daga wurin tun kafin a fara.

Akwai dalilin wannan taka-tsantsan. Gilashi iri biyu ake samu a waɗannan ƙofofi. Akwai gasasshe, wanda aka zafafa shi fiye da digiri 600 a ma'aunin Salsiyos sa'an nan aka huce shi da iska farat ɗaya. Ya fi na kullum ƙarfi wajen ninki huɗu, kuma idan ya fashe dagargajewa yake yi ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Yawanci akan ga ɗan hatimi a kusurwarsa. A Amurka tun 1977 dokar tarayya ta wajabta sa gilashin da ba ya yi wa mutum mummunan rauni a irin waɗannan ƙofofi, saboda yawan waɗanda suka ji ciwo da suka afka musu ba su gani ba. Sai dai gasasshen gilashi ba ya yankuwa bayan an gasa shi, don haka ƙofofi da yawa da ake haɗawa a rumfunan bakin titi da gilashi na kullum ake yin su, wanda ake yankawa a nan take gwargwadon awo. Shi kuwa wannan idan ya fashe tsagewa yake yi dogo-dogo kamar takubba. Ko wane iri ne, rauninsa a baki da kusurwa yake, kada a bari su daki daɓe.

Da farko a nemo sukurun daidaitawa. Yana cikin wata 'yar huda a ƙasan murfin, ko dai a gefensa ko a fuskarsa, wani lokaci an toshe ta da ɗan murfin roba. A juya shi yadda tayar za ta janye sama murfin ya sauka iyakar saukarsa. A yawancin ƙofofi juyi zuwa hagu ke yin haka, amma ba duka ba, don haka a juya kaɗan a duba. Idan an yi wa kusurwa biyun, an sami sarari a sama. A duba kwarin sama ko akwai wani ɗan ƙarfe ko roba da aka ɗaure don hana ɗaga murfin, in akwai a kwance shi. Sa'an nan a kawo murfin tsakiyar ƙofa, mutum ɗaya a kowane gefe, a ɗaga shi sama cikin kwarin, a jawo gindinsa ya tsallake doron layi, a sauko da shi a hankali. Idan taya ta maƙale a doro, a zura bakin sukundireba a ƙarƙashinta a ɗan tallafa mata. A wasu ƙofofin sai an fara cire ragar sauro, ko ma kafaffen murfin, kafin mai tafiyar ya sami hanyar fita.

A kwantar da murfin a kan bargo, ko a jingina shi bisa dogon gefensa a kan katako. Gidan taya yakan kasance da sukuru ɗaya da ke riƙe da shi, a kwance shi a zaro gidan da filaya. A nan akwai wurin da ake yawan yin ɓarna. A ƙofofin alminiyam da dama, sukurun da ke riƙe da taya shi ne kuma yake haɗa kusurwar firam, kuma tayar ba ta fita sai an zare sandar ƙasa daga jikin gilashi. Idan haka ne, a ɗora guntun katako a bakin sandar a riƙa bugunsa da guduma sannu-sannu, daga wannan gefe zuwa wancan, har ta saki. Ba a dukan alminiyam da guduma kai tsaye, kuma ba a zura ƙarfe tsakaninsa da gilashi a banƙara. Robar da ke naɗe da bakin gilashin a adana ta, da ita za a mayar.

A Kasuwa

Tayoyin nan ba iri ɗaya ba ne. Sun bambanta a faɗin taya, da zurfin kwarminta, da tsawo da kaurin gidanta, da wurin da hudar sukuru take. Bambancin milimita biyu ya isa ya hana gida shiga firam. Saboda haka ba a zuwa kasuwa da kwatance, tsohuwar tayar ake sawa a aljihu a tafi da ita, a ɗora ta kusa da sabuwa a gani da ido. A Kano akan nufi masu kayan gini na Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a Kaduna akwai Panteka, a Abuja kuma kasuwar Dei-Dei. Masu haɗa tagogin alminiyam na unguwa ma sukan ajiye su. Kuma biyu ake saye ko da ɗaya ce ta mutu, domin tare suka yi aiki, wadda ta saura ma tana kan hanya.

Mai saye zai tarar da ta roba mai tauri, watau nailan, da ta ƙarfe. Mutane sukan zaɓi ta ƙarfe don sun ɗauka ta fi ƙarko, kuma gaskiya ne ta fi jure nauyi. Amma ƙarfe ya fi alminiyam tauri, don haka a kan layin alminiyam tsirara, musamman ga yashi a tsakani, layin ne zai riƙa cinyewa. Ta nailan ba ta da ƙara, kuma ita ke cinyewa ta bar layi. Tun da sauya taya aikin awa ɗaya ko biyu ne, sauya layi kuwa yakan kai ga fasa daɓe, a ƙofa mai matsakaicin nauyi ta nailan mai boris ta fi dacewa da gidajen wannan yanki. Murfi mai nauyi sosai shi ake nema wa ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ko mai tayoyi biyu a gida ɗaya don su raba kayan. Wadda ba ta da boris sam, roba ce kawai a kan ƙusa, ta taga ce, ko an ba da ita da araha kada a sa wa ƙofa.

A bakin waɗannan 'yan kasuwa ne mai nazari zai ji yadda Hausa take sarrafa baƙin kalmomi. Tayar ƙofa rola suke ce mata. A giris da firam da sukuru an cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka zo a jere a farkon kalmar asali, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu. Shi kansa alminiyam yana da tsofaffin sunaye, sanholo da goran-ruwa, waɗanda aka san shi da su a wajen masu tukwane da cokula, amma masu ƙofa da taga ba su ɗauke su ba. Haka ƙarau, wanda ake faɗa wa abin hannu na gilashi irin wanda Masaga na Bida suka shahara da yi, bai bi gilashi zuwa jikin gini ba. A wajen aikatau kuwa ba su ari komai ba: ƙofa cijewa take yi, taya ta sule, layi ya lotsa, boris ya zube, sukuru ya ci zarensa. Sunayen kayan baƙi ne, amma duk abin da ke samun su da Hausa tsantsa ake faɗinsa.

Mayarwa da Daidaitawa

Kafin a mayar da murfi, a yi amfani da wannan dama a wanke layi da kwarin sama da kuma ramin da taya take zama, inda akan tarar da gashi da zare da laka sun dunƙule. A shafa doron layi da yatsa. Idan akwai ƙananan ƙaiƙayi a goge su da samfefa mai laushi. Idan doron ya cinye ya baje, akwai wata siririyar hula ta ƙarfen da ba ya tsatsa da ake yankawa daidai tsawon layi a kifa a kansa, ta zama sabon doro. Sabuwar taya a kan cinyayyen layi ba ta daɗewa.

A sa sababbin tayoyi a janye su sama gaba ɗaya, a ɗaure sukurun gidansu ba tare da an matse shi har ya ci zare ba, don alminiyam ba ya son ƙarfi. Sai a ɗaga murfin, a fara shigar da kansa cikin kwarin sama, sa'an nan a tura gindinsa ya hau layi, a tabbata kwarmin kowace taya ya zauna ɗas a kan doro. Daga nan a juya sukurun daidaitawa, wannan kusurwa kaɗan, waccan kaɗan, har firam ya rabu da layi. Yana da kyau mutum na biyu ya ɗan ɗaga murfin yayin da ake juyawa, don kada nauyin ya lalata zaren sukurun.

Hanyar gane ko murfin ya miƙe mai sauƙi ce. A tura shi har ya rage saura kamar faɗin yatsa ya rufe, a ja da baya a dubi hasken da ke tsakaninsa da firam daga sama har ƙasa. Idan sararin ya fi faɗi a sama, a ɗaga tayar da ke nesa da makulli, ko a sauke ta kusa da shi. Idan a ƙasa ya fi faɗi, a yi akasin haka. Sai sararin ya zama ɗaya sa'an nan a koma kan makulli, a sassauta ƙarfen da ƙugiya ke kamawa a jikin firam, a matsa shi sama ko ƙasa har ta riƙa shiga ba tare da an danna ba. A mayar da abin da ke hana ɗaga murfi a kwarin sama. Masu son ƙarin tsaro sukan yanko sanda daidai tsawon layin da ya rage a bayan murfin su kwantar da ita a ciki da dare, kamar dai yadda ake tokare ƙyaure da itace.

Bayan haka abin da ƙofar take bukata shara ce da busasshen buroshi, kullum a lokacin hunturu, da duba hudojin ruwa kafin saukar damina. Idan lalle sai an sa wani abu, akwai feshin silikon wanda yake bushewa ba ya riƙe ƙura, a fesa kaɗan a goge da tsumma.

Akwai ƙofar da za a yi wa duk wannan amma ta ci gaba da cijewa a tsakiya, tana sakewa a gefe. A irin wannan hali a auna tsayin ƙofar daga layi zuwa kwarin sama a wuri uku, dama da hagu da tsakiya. Idan awon tsakiya ya gaza na gefe, to linta ce ta sama ta sako ta danne firam, ko kuma daɓen ƙasa ya kumbura ya turo layi. Wannan ya fita daga hannun mai alminiyam, sai a kira magini ya duba ginin kafin a sake taɓa ƙofar.